Ajiya

Ajiya ba ta cika sai da abu uku: wanda ya miƙa, wanda ya karɓa, da ranar da za a zo a tambaya. In babu na farko, abin da ke hannunka naka ne, ko kuwa tsintuwa. In babu na biyu, yasarwa aka yi. In kuma babu ranar tambaya, to binnewa ce, ko da a akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu aka yi ta. Kalmar nan ta ƙi barina tun da aka shiga ɗaukar hoton tsofaffin littattafan malamanmu ana zubawa a kwamfuta, ana cewa yanzu kam an ajiye su har abada. Bahaushe bai san ajiyar da ba ta da ranar karɓa ba.

Dubi yadda muke juya ta a baki. Ma'aikaci ya ajiye aiki, wato ya mayar wa wanda ya ba shi. Dangin ango da na amarya sun ajiye rana. Abokai biyu sun ajiye magana za su haɗu bayan la'asar. Maigida ya leƙa ciki ya ce a ajiye wa baƙo tuwo. A kowanne akwai wanda ake jira, ko abin da ake jira. Har wanda ya ja dogon numfashi ya sauke, cewa muke ya yi ajiyar zuciya, mun kuma san sauke ta ya yi na ɗan lokaci, zai sake ɗauka. A fada akwai Ma'aji, wasu masarautun ma suna da sarautar Ajiya. A unguwa akwai uwar adashi. A kowane babban gida kuma akwai tsohuwar da ake kai wa ajiya, kuɗin sadaki ne, zoben gado ne, takardar gona ce, ta ƙulle a tsumma ta tura ƙasan adudu. Ba ta iya karanta ko harafi ɗaya na takardar ba, amma ta san ta wane ce, ta kuma san ranar da za ta fito da ita ta dire gaban mutane. An ce ajiya maganin wata rana. An kuma ce ba a ba kura ajiyar nama. Karin maganar farko tana kallon rana, ta biyu tana kallon hannu.

Ƙasar da nake wannan tunani a kanta ita ce arewacin Zazzau: Kurmin Kogi da garuruwan da ke kewaye da ita, Ikara da Paki, Makarfi da Gimi, Kudan da Hunƙuyi da Likoro. Wanda ya ji waɗannan sunaye, rake da tumatir da masara ne ke fara faɗo masa a rai, da manyan motocin da ke lodi ranar kasuwa. Ba a saba sa su cikin jerin garuruwan littafi ba. Amma ƙasa ce da ta zauna tsakanin Zariya da Kano, almajirai da fatake sun daɗe suna ratsa ta tun kafin layin dogo ya bi ta ya isa Kano a 1911. Ɗan ƙauyen da ya shiga birnin Zariya neman ilimi, ya zauna a zauren wani malami a Unguwar Juma ko Kona, ba ya dawowa hannu biyu. A zamanin da babu ɗab'i, in kana son karanta Ahalari ko Iziyya ko Risala, sai ka ari na malam ka kwafe naka da hannunka. Kana karatu malam yana fassara, kana maƙala 'yan kalmomin Hausa ko Fulatanci a tsakanin layuka da gefen takarda don kada ka manta. Saboda haka duk garin da ya daɗe da liman da makarantar zaure, ya daɗe da littattafan hannu. Kuma babu biyu da suka zama ɗaya, ko da marubucinsu ɗaya ne, domin kowanne yana ɗauke da hannun ɗalibinsa da bakin malaminsa.

Wanda bai taɓa riƙe irin wannan littafi ba, sai a kwatanta masa. Ba a ɗinke yake ba. Warƙoƙi ne a sake, an jera su, an sa su tsakanin tadarishi biyu, an naɗe da tsirkiyar fata, sannan aka zura a gafaka mai maratayi. A ƙasan bayan kowace warƙa mai kwafi yakan rubuta kalmar da warƙa ta gaba za ta fara da ita, don in iska ta watsa su a iya mayar da kowacce gurbinta. Rashin ɗinkin nan dabara ce. Malami ɗaya zai iya raba littafi ɗaya ga ɗalibai biyar, kowa ya tafi da 'yan warƙoƙi ya kwafa ya dawo da su. Alƙalamin na gamba ne ko na kara, an fere shi da aska. Tawadar allo ta gawayi ce da ƙaro, mai wankuwa, amma ta takarda akan dafa ta da bagaruwa da ƙarfe don ta kama. Ja don wasali da kan babi, rawaya don ado. Gafakar kanta aikin majemi ne da baduku, kuma mai ido yakan gane ɗinkin wani gari daga na wani.

Sai takardar. Ɗauki warƙa ɗaya ta tsohon littafi ka sa ta tsakaninka da hasken rana. Sau da yawa za ka ga jinjirin wata guda uku a jere cikin jikin takardar, babba, matsakaici, ƙarami. Tambarin masaƙar takarda ne a arewacin Italiya, yankin Benis. Daga can jirgin ruwa ya kawo ta Tarabulus ko Masar, raƙuma suka ƙetaro da ita Sahara har kasuwar Kurmi ta Kano. Bature matafiyi Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lissafa wannan takarda mai wata uku cikin kayan da ake shigowa da su. Daga baya, da Turawan Ingila suka kafa mulki, takarda ta koma shigowa ta bakin teku da wasu tambura daban. Masu kwafinmu ba kasafai suke rubuta shekarar da suka gama ba, don haka tambarin nan yakan zama shaidar da ke nuna ko littafi na zamanin masu jihadi ne ko na zamanin Nasara. Ka ga warƙa ɗaya a zauren wani limami a ƙasar Ikara tana iya ɗauke da labarin ayari da kuɗin wuri da hanyar Agadas, alhali abin da aka rubuta a kanta farillan alwala ne. Rubutun yana ba da labari ɗaya, jikin takardar yana ba da wani.

Maƙiyan wannan ajiya sanannu ne. Gara ce kan gaba, mai shiga ta ƙasa ta cinye ciki ta bar baya lafiya lau, sai ranar da aka buɗe a tarar da ƙasa. Sai markar Agusta, lokacin da soro ke jiƙa, azara ta fara ɗiga, danshi ya manne warƙoƙi su zama curi. Hunturu ya zo ya busar da su har su riƙa karyewa a hannu. Ga ɓera, ga kyankyaso, ga gobara. Tawadar ma da aka dafa da ƙarfe, in shekaru suka yi nisa, takan ci takardar, ka ga harafi ya zama huda mai siffar harafi. Amma akwai maƙiya biyu da suka fi ba ni tsoro, domin dukkansu daga kyakkyawar niyya suke fitowa. Na farko rabon gado. Littafin da ba a ɗinke ba yana da saukin rabawa, kuma yakan faru magada su kasa shi don kowa ya sami tubarrakin mahaifi, rabi ya tafi wannan gida, rabi ya bi wani zuwa Legas. Na biyu girmamawa. Malam ya rasu, 'ya'ya sun yi boko ko sun shiga kasuwa, sai a rataye gafakarsa a ƙuryar ɗaki, a hana yara taɓawa, wani ma ya ce akwai asiri a ciki. Shekara ashirin ba wanda ya kwance tsirkiyar. Lokacin da malam ke raye, kullum littafin yana shan iska, ana kaɗe shi, ana juya shi, in ya ji danshi a shanya a inuwa. Karatun da ake yi da shi shi ne maganin gararsa. Gadon gida alala ga raggo, in ji masu iya magana, sai dai a nan ba ragwanci ba ne kullum, sau da yawa rashin sanin abin da za a yi ne.

A cikin Risalar Ibn Abi Zaid, wadda kusan duk ɗalibin zaure ya bi ta kanta, akwai babi guda da ya tattara shufu'a da kyauta da sadaka da hubusi da jingina da aro da ajiya da tsintuwa da ƙwace. Duk lokacin da na tuna wannan babi sai in ga kamar tarihin littattafanmu aka jera, domin ta waɗannan ƙofofi ne suka riƙa fita daga gidajensu.

Ƙwace dai mun gan shi. Da Turawa suka ci Sakkwato a Maris 1903, sun tarar da tarin wasiƙu na Larabci a gidan Waziri Buhari, wasiƙun da sarakunan ƙasa suka riƙa aikowa. Suka kwashe, daga baya wani jami'insu, H. F. Backwell, ya fassara su ya buga a 1927. A shekarar 1903 ɗin dai, jama'ar da suka bi Sarkin Musulmi Attahiru suka nufi gabas sun tafi da littattafansu a ka da bayan jakuna, waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi wasunsu sai Sudan. Wani ɓangare na ajiyar ƙasar nan yana can gaɓar kogin Nilu.

Aro kuwa shi ne ya fi barin tabo a zukatan masu littattafai. Labari ne da ake ji a gidajen malamai da yawa. Baƙo ya zo da mota, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, aro za mu yi, mu ɗauki hotonsa mu dawo da shi." Malam ya dubi mai unguwar da ya rako shi, ya ji nauyi, ya ce, "To ɗana, amana ce, na mahaifina ne." Wasu sun dawo da abin da suka ara, har da godiya. Wasu ba a sake ganinsu ba. Malaman Malikiyya sun bambanta mai aro da mai ajiya. Wanda aka ba ajiya, in ya ce ta salwanta ba da sakacinsa ba, ana gaskata shi, domin alfarma ya yi. Wanda ya ari abin da ake iya ɓoyewa kuwa, in ya ce ya ɓata, sai ya biya, sai fa in yana da shaida, domin don amfanin kansa ya karɓa. Limamin ƙauye ya san wannan hukunci tun yana saurayi. In yau ya ƙi fito da gafakarsa ga mai kyamara, kada a yi saurin cewa duhun kai ne. Ya san wanda ke gabansa mai aro ne, ya kuma san babu alƙalin da zai kai ƙara.

Duk da haka, bai kamata tabon aro ya rufe mana alherin da aka yi ba, domin an yi, kuma mai yawa. A 1954 aka kafa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Ibadan ƙarƙashin Kenneth Dike, daga baya aka buɗe reshenta a Kaduna. A can fayilolin lardin Zariya suke, rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta kan gundumomi irin su Ikara da Makarfi, da ƙidayar haraji da jangali. Wanda ke son sanin abin da kakanninsa suke nomawa da abin da suke biya, can zai dosa. Gidan tarihi na Jos ya tara littattafan hannu, an fitar da jerin sunayensu a 1965. A 1964 aka soma shirin binciken tarihin Arewa, wanda ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello, inda Abdullahi Smith da Murray Last da abokan aikinsu suka riƙa bi gari gari suna ɗaukar hoton littattafai. A 1970 Abdullahi Smith ya kafa Arewa House a gidan Sardauna da ke Kaduna. A Yamai, Boubou Hama ya assasa tarin da yau ke cibiyar binciken jami'ar can. Ba don waɗannan ba, da yawancin abin da muka sani game da daular Usmaniyya yana nan a matsayin ji-ta-ji-ta.

Misalin da ya fi kwanta mini a rai shi ne na gidan Waziri Junaidu a Sakkwato. Gidan ya riƙe rubuce-rubucen Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, fiye da shekara ɗari a gafaka, hannu zuwa hannu. Da Jean Boyd ta zo tana tambaya, sai aka fito mata da su, kuma a 1997 ita da Beverly Mack suka buga su a dunƙule. A wannan gida ne kuma Murray Last ya zauna ya karanta abin da ya gina littafinsa na 1967 a kai. Ajiyar ta cika sharuɗɗanta uku, kuma asalin bai bar gida ba. Ka gwama da littattafan Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano da ya rasu a 1962. Tarinsa ya haura guda 3,000, yau yana Jami'ar Northwestern a Amurka. Yana cikin sanyi da tsabta, an tsara sunayensa, gara ba za ta gan shi ba. Amma ɗalibin Kano da ke son ya riƙe warƙar a hannunsa sai ya nemi biza. Ban iya cewa an yi asara ba, ban kuma iya cewa ba a yi ba.

To ga kyamara ta zo, kuma da ita aka sami hanyar da ba sai littafi ya bar zaure ba. Aikin yana da tsari. Ana kafa kyamara a kan mariƙi tana kallon ƙasa, fitila biyu marasa zafi a gefe da gefe, a shimfiɗa baƙin ƙyalle. A kaɗe warƙa da burushi mai laushi, a ajiye ma'auni da katin launuka kusa da ita don wanda zai gani a nesa ya san girmanta da ainihin launinta, a ɗauki gaba a ɗauki baya. In ana son tambarin takarda ya fito sai a sa haske ta ƙarƙashi. Kowane hoto da lambarsa, kowane littafi da bayaninsa: farkonsa, ƙarshensa, mawallafi, mai kwafi, mai shi, garinsu. Wannan bayanin ya fi ɗaukar hoton wuya nesa ba kusa ba, domin yana bukatar wanda ya san littattafan har zai gane su ko an yage farkonsu. Tun 2004 ɗakin karatu na Birtaniya yake da shirin ceto takardun da ke cikin haɗari, kuma ƙa'idarsa ita ce asali ya zauna a ƙasarsa, a bar kwafin hoton a can. Cikin ayyukan da ya ɗauki nauyi har da na tsofaffin takardu a ma'ajiyar Kaduna. Arewa House ta yi aiki da Michaelle Biddle, ƙwararriya kan takarda da tawada, wajen koya wa ma'aikata da iyalan malamai tsabtacewa da yin akwatunan kwali, kamar yadda aka yi wa littattafan Modibbo Ahmadu Fufure a Yola. Jami'ar Boston, ta hannun Fallou Ngom da Mustapha Hashim Kurfi, ta sa rubuce-rubucen ajamin Hausa da yawa a intanet, kowa ya duba kyauta.

Ina murna da wannan, murna ta gaske. Ɗalibi a Hunƙuyi yana iya buɗe wayarsa ya ga hannun malamin da ya rasu kafin a haifi kakansa. Littafin da rabon gado ya raba gida uku ana iya haɗa shi a hoto ko da magadan ba sa ga maciji. Idan gobara ta ci asali, kalmomin sun tsira. Ba ma yau muka fara irin wannan ba. Tun da injin ɗab'i mai ɗaukar hoton shafi ya zo, 'yan kasuwar littafi a Kano da Zariya suka riƙa buga rubutun hannu kamar yadda yake, shi ya sa Alƙur'anin da Sharif Bala Gabari ya rubuta da hannunsa ya shiga gidaje da makarantun da ba su ƙirguwa.

Sai dai hoto yana ɗaukar fuska ne. Ba ya ɗaukar kaurin takarda, ba ya ɗaukar ƙamshin fata da hayaƙin ɗaki. Ba ya nuna inda gefen warƙa ya yi laushi ya yi baƙi don yawan taɓawa, wanda shi ne ke gaya maka babin da mutanen garin suka fi bukata. Masu gaggawa sukan ɗauki rubutu su bar gafaka da tadarishi, su kuma zubar da 'yan guntayen da aka cusa tsakanin warƙoƙi: rasidin haraji, lissafin bashin goro, sunan jariri da ranar haihuwarsa, wasiƙar ɗan da ya tafi cirani. Ga mai tarihin Kurmin Kogi, wataƙila guntayen nan sun fi littafin kansa daraja, domin Risala tana ko'ina, amma wannan rasidin babu shi sai nan. Mu kuma mutane ne da ba mu taɓa ɗaukar rubutu a matsayin ma'ana zalla ba. Muna wanke shi mu sha, muna ɗinke shi a laya, in warƙar Alƙur'ani ta tsufa ba ma jefa ta a juji. Al'ummar da ta san rubutu yana da jiki bai kamata ta yarda cewa hoto ya maye gurbinsa ba. Abin da nake tsoro shi ne ranar da mai kyamara zai naɗe kayansa, magada su ce ai an riga an ɗauka, su saki asalin ga gara da zuciya ɗaya.

Hoton ma ajiya ce, kuma tana da nata garar. A 1086 aka rubuta wani babban littafin ƙidayar ƙasa a Ingila a kan fata, ana kiransa Domesday, har yau yana nan ana karantawa. A 1986 BBC ta yi irinsa na zamani a kan faifan leza don cikarsa shekara 900. Kafin a yi shekara 20 na'urar da ke karanta faifan ta yi wuyar samu, sai da masana suka tashi tsaye suka ceto abin da ke ciki. A Oktoba 2023 'yan kutse suka afka wa kwamfutocin ɗakin karatun Birtaniya, abubuwan da ke shafinsa suka ɗauke wata da watanni. In haka ta sami masu kuɗi da ƙwararru, me za a ce da rumbun kwamfuta guda ɗaya a durowar ofis, inda zafi da ƙura da ɗaukewar wuta suke aikinsu? Mun dai ga yadda kaset ya zo ya wuce, faifan CD ya zo ya wuce, kowanne da abin da ya tafi da shi. Takarda in ta fara lalacewa tana nunawa, a yi mata magani. Fayil yana mutuwa ne gaba ɗaya, ba sallama. Shi ya sa masu sanin aikin ke cewa a yi kwafi uku a wurare daban, a riƙa dubawa, a riƙa sauya musu mazauni duk 'yan shekaru. Wannan kuwa albashi ne da wuta da mutum mai kula, shekara bayan shekara, bayan kuɗin tallafi sun ƙare.

Tambutu ta nuna ɗaya fuskar. A Janairu 2013 'yan bindigar da suka mamaye garin suka ƙona littattafai wajen 4,000 a cibiyar Ahmed Baba. Amma kafin nan iyalan garin, da jagorancin Abdel Kader Haidara, sun riga sun fitar da dubu ɗaruruwa a akwatunan ƙarfe, a mota da kwalekwale, zuwa Bamako. Abin da ya cece su a wannan rana sanayya ce, wane ya san wane, wane ya yarda ya ɓoye akwatin wane a ɗakinsa. Da suka isa Bamako kuma sai danshi ya zama sabon abokin gaba. Mu da muke zaune a ƙasar da ƙauyuka ke tashi cikin dare saboda 'yan bindiga, gemun ɗan'uwanmu ne ya kama wuta.

Manomin ƙasar Kudan ya san akwai hatsin ci, akwai na iri. Na iri yakan zaɓe shi tun a gona, ya rataye shi inda hayaƙi ke taɓa shi, ko yunwa ta matsa ba ya sussuke shi. Amma ya san iri ba ya zama har abada a rataye. In damina biyu uku ta wuce ba a kai shi ƙasa ba, zai mutu yana nan da kyan ganinsa. Littafi ma ƙasarsa mai karatu. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, bai taɓa ganin warƙar waƙarsa Imfiraji ba, amma waƙar ta rayu a takarda, ta kuma rayu a bakin makafi da mata da 'yan makaranta, kowace ajiya tana gyara ɗaya. Waƙoƙin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda Turawa suka tuɓe suka kai Lakwaja, sun kawo yau ne don an sami masu kwafa da masu rerawa. Yanzu fa? A 2007 aka cire ajami daga ƙananan takardun naira, mutane suka yi ta muhawara, amma abin da ya fi wannan girma yana faruwa shiru. Yaron da ya sauke Alƙur'ani a bugun Madina yakan tsaya cak gaban rubutun kakansa, domin ɗigon fa da ƙaf ba inda ya saba ganinsu suke ba, ga ruwayar Warshu, ga hannun da ba a saba da shi ba. Koyon wannan ba ya ɗaukar shekaru ga wanda ya riga ya iya baƙi da wasali. Islamiyyun Ikara da Makarfi za su iya sa shi cikin darasi ba tare da jiran kowa daga waje ba, kuma dattawan da za su koyar suna nan da ransu tukuna.

Daren da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai yi hijira, ya bar Sayyidina Ali a Makka don ya mayar wa mutane ajiyoyinsu, alhali masu ajiyar suna cikin waɗanda suka ƙi shi. Wannan ƙissa kowane yaron Islamiyya ya san ta, kuma ita ce ma'aunin da nake so a auna duk mai zuwa da kyamara da shi, ɗan jami'a ne, ɗan gwamnati ne, Bature ne ko ɗan gida. A fiƙihunmu, ajiyar da aka karɓa gaban shaidu ba a yarda an mayar da ita sai gaban shaidu. To a rubuta takarda, da Hausa, boko da ajami, a zauren mai littafi, liman da mai unguwa su sa hannu. A faɗi warƙa nawa aka ɗauka, da inda hoton zai zauna, da wanda aka yarda ya gani, domin akwai littattafan asiri da wasiƙun iyali da masu su ba sa so a baza, kuma haƙƙinsu ne. A rubuta sunan gidan da garin a jikin kowane hoto, don kada ya riƙa yawo a WhatsApp ba uba ba dangi. A bar wa gidan kwafi a waya da kuma bugagge a takarda, tare da akwatin kwali da kantar da za ta ɗaga gafaka daga ƙasa ta raba ta da bango. A kuma sa ranar da za a dawo a duba, da sunan wanda za a nema in ba a dawo ba.